Tafiya goye da jaka mai nauyi: motsa jiki ne na gaske ko wahalar banza?

Baban Khalifa, Rikkos

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar motsa jiki. Shekarata 46, nauyina kilo 92, aikin zaman ofis nake yi. Bayan sallar asuba ina taka kusan kilomita 5 cikin awa ɗaya, to amma yanzu jiki ya saba, ko gumi ba na yi. Gudu kuwa gwiwa ba ta so. Kwanan nan ina ganin samari a nan Jos wajen Rayfield da hanyar Lamingo suna tafiya goye da jakunkuna cike da yashi, wai ya fi tafiyar haka nan ƙona kitse nesa ba kusa ba, wai har ƙashi yake ƙarfafawa. Gaskiya ne, ko yayi ne kawai da zai bar mutum da ciwon baya? In da amfani, kilo nawa ake farawa da shi, wace irin jaka, sau nawa a mako? Ina da hawan jini amma ina kan magani.

Kocin Tudun Wada

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Yana da amfani, amma ba inda samarin suke nunawa amfanin yake ba.

Mu fara da kitsen, tunda shi ake tallata abin da shi. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya tana cin kusan kalori 0.75 a kan kowane kilo na nauyin da ƙafa ke ɗauke da shi a kowace kilomita. Kilo 92 a kilomita 5, kalori 345 ke nan ko kusa da haka. Ka goya kilo 9, jimillar nauyin ya zama 101, lissafin ya koma wajen 380. Ko an yi maka rangwame an ce jaka tana ɗan ɓata tafiya tana ƙara wahala, ribar ba ta wuce kalori 35 zuwa 50 ba. Cokalin shayi uku na sukari ya cinye ta. Kilo ɗaya na kitse kuwa kalori 7,700 ne a kimance, wato sai ka yi wannan fitar sau 150 zuwa 220 kafin jakar ita kaɗai ta sauke maka kilo guda. Duk wanda ya ce maka tana ninka ƙonawa sau biyu ko uku, yana maganar kayan soja ne, kilo 20 zuwa 30 da sauri a kan tudu, wanda ba naka ba ne. Teɓa a kwanon abinci ake maganinta.

Ainihin matsalarka ka faɗe ta da bakinka: tafiyar ta daina taɓa ka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗaga, kana iya magana jimla jimla amma ba za ka iya rera waƙa ba. Kilomita 5 a awa ga wanda ya saba yakan faɗo ƙasa da wannan. Jaka tana mayar da kai cikinsa ba tare da dukan da gudu ke yi wa gaɓoɓi ba, domin a gudu kowane taku yana sauke ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki a ƙafa ɗaya, a tafiya kuwa kaɗan ya haura nauyin jikin. Cinya, sharaɓa, ɗuwawu da tsokokin gadon baya su ma suna samun aikin juriya.

Sai dai kafin jaka akwai abu biyu na kyauta. Na farko sauri: ka mayar da kilomita ɗaya minti 10 maimakon 12. Na biyu tudu, wanda Allah ya hore mana shi a garin nan. Mutum mai nauyinka in ya hau tsayin mita 100, ya ƙara kalori kusan 85 zuwa 90, ninki biyu na abin da jakar kilo 9 ta ba shi a kilomita 5. Ka yi mako uku kana wannan, in har yanzu numfashi bai ɗaga ba, sai a kawo jaka.

In ka kawo ta, ga yadda za ka bi. Mako biyun farko kilo 4 zuwa 5, wato kashi 5 cikin 100 na nauyinka, minti 25 zuwa 30, sau biyu a mako, a hanya marar tudu. Mako na uku da na huɗu kada ka taɓa nauyin, lokacin za ka kai minti 40 ko 45. Na biyar da na shida ka kai kilo 7. Na bakwai da na takwas kilo 9, kashi 10 cikin 100 ke nan, kuma a nan za ka iya zama wata da watanni. Abu uku ake ƙarawa, nauyi, nisa, da sauri ko tudu, amma ɗaya tak a mako. Ka bar aƙalla kwana ɗaya tsakanin fita da fita. Sauran ranakun ka yi tafiyarka hannu rabbana.

Tsohon Saje, hanyar Rukuba

Koci ya gama da lissafi, bari in yi maganar jakar, don yawancin ciwon bayan da ake kuka da shi daga shiryawa yake, ba daga nauyi ba.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne a jefa ƙullin yashi ko dutse ya zauna a gindin jaka. Nauyin ya koma saitin kwankwaso, yana reto, yana ja baya. Jiki sai ya rama ta hanyar sunkuyawa da miƙa wuya gaba, bayan rabin awa ƙugu da wuya su riƙe. Dubi yadda mace ke goya yaro: a sama, manne da baya, an ɗaure tamau. Haka kaya ke so. Ka cika kasan jakar da abu marar nauyi mai cika wuri, tsohon bargo ko tawul biyu a naɗe. Nauyin ya hau kansa, ya tsaya tsakanin allunan kafaɗa, jingine da bangon jakar da ke taɓa bayanka. Gefe da gaba ka cusa tsumma har sai in ka girgiza jakar ba abin da ke motsi.

Abin da ya fi sauƙin farawa da shi fiya wata ne. Kowace leda rabin lita ce, wato rabin kilo, ledoji 10 kilo 5, jaka guda mai 20 kilo 10 cif, ba ka bukatar sikeli. Ka zuba su a leda mai kauri biyu ka naɗe da salatif su zama dunƙule ɗaya. In ka gaji a hanya ka sha wasu, ka zubar da wasu, ka dawo gida da sauƙi. Gorar lita ɗaya da rabi ma tana yi, amma a cika ta fal, don rabin gora tana kaɗawa tana karkata mutum. In ka wuce kilo 8 ruwa ya fara cin wuri, sai ka koma busasshen yashi, wanda lita ɗaya take kai kusan kilo ɗaya da rabi. Ka ƙulla shi kilo bibbiyu a leda, a shimfiɗe kamar bulo, don ka riƙa ƙarawa da ragewa. Dutse da ƙarfe masu kusurwa suna yaga jaka suna ƙuje baya, sai an naɗe su da tawul.

Jakar makarantar yara ba ta wannan aikin. Ka shiga kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo ka nemi jakar masu hawan dutse, mai cin lita 20 zuwa 30. Hannayenta su kasance masu faɗi, kamar yatsu uku, da soso a ciki. Ta zamo da maɗaurin ƙirji, in da hali da bel ɗin ƙugu mai kauri. Ka ja wurin da aka ɗinka hannayen a jikin jakar da ƙarfi, nan ne take fara mutuwa, kuma mai gyaran takalmi zai iya ƙara maka ɗinki da zaren nailan. Wajen ɗaurawa: bel ɗin ƙugu ya zauna a kan ƙashin ƙugu, ba a kan tumbi ba, shi ake fara ja. Sannan hannaye, har jakar ta manne. Maɗaurin ƙirji na ƙarshe, yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin wuya, aikinsa ya hana hannayen zamewa waje, ba ya matse numfashi ba.

Ƙafa. Kambas mai ɗan taurin ƙasa, da sarari kamar faɗin babban yatsa a gaban yatsu, don ƙafa tana kumbura da tafiya kuma tana zamewa gaba a gangare. Ka saye shi da yamma. Sabon takalmi a yi mako ɗaya ana yawo da shi ba jaka. Safar auduga zalla tana riƙe gumi, fata ta yi laushi, bororo ya fito. Siririyar safar nailan a ciki, mai kauri a waje, gugar sai ta koma tsakanin safa da safa. Da ka ji wani wuri ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka ce sai an kai gida. Da hunturu a shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya da dare saboda faso. Taku kuma a gajarta shi a yawaita, dogon taku da kaya shi ke kawo ciwon ƙwauri.

Samari suna son kwaikwayon gwajin sojan Amurka, mil 12, wato kilomita 19 da 'yan kai, cikin awa 3 da jakar kusan kilo 16. Gwaji ne na matasa da aka tace aka horar wata da watanni, kuma soja ba don lafiya yake ɗaukar kaya ba, don aiki ne. Kada ka ɗauke shi ma'auni.

Abu na ƙarshe, wannan Jos ce. Tun bayan tashin bam a kasuwar Taminus a 2014, mutum da ƙatuwar jaka a baya da duku-duku abin a duba ne. Ka riƙe katin shaida. Kada ka sa kaki ko jaka mai zanen kakin soja, doka ma ta hana farar hula. Ka kauce wa ƙofar bariki, wuraren ibada lokacin taro, da cikin kasuwa. In an tsayar da kai a shinge ka sauke jakar ka buɗe da kanka cikin natsuwa. Nan ma fiya wata ya fi ƙullin yashi a baƙar leda sauƙin bayani.

Antin Fiziyo

Baba Saje, sannu da ƙoƙari, ban da abin ƙarawa a shirin jaka. Amma Koci, jadawalinka na mako takwas ya yi wa wannan bawan Allah sauri. Ya ce gwiwa ba ta son gudu, kuma ba mu san dalili ba. Ni zan ce ya zauna a kilo 5 wata guda cur, ya kai kilo 9 a wata na uku. Dalili shi ne zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni kaɗan, amma ƙashi da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi watanni suke ɗauka. A mako na huɗu mutum zai ji ƙarfi ya zo, ya ƙara kaya, alhali ƙashin ƙafa bai iso wurin ba. A wannan tsakanin ake samun tsagewar ƙashi.

Malam, ga alamun da ba a yi musu taurin kai. Ciwo a bayan ƙafa, saitin yatsa na biyu ko na uku, wanda za ka iya nuna shi da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa da tafiya, wani lokaci da ɗan kumburi: wannan tsagewar siraran ƙasusuwan ƙafa ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Hoton ƙashi yakan fito lafiya lau a mako biyu zuwa ukun farko, don haka hoto mai kyau ba lasisin ci gaba ba ne. Warkewarta mako 6 zuwa 8 ne. Haka ciwon ƙwauri da ya tattaru a wuri guda. Na biyu, hannu ya mutu ko yatsu su riƙa yi kamar ana tsira allura: hannun jakar ne ke danne tarin jijiyoyin da suka fito daga wuya suka bi ƙarƙashin ƙashin wuya zuwa hannu. Ka sassauta, ka mayar da nauyin ƙugu. In an sauke jaka bai wuce cikin 'yan mintuna ba, ko hannu ya yi rauni wajen ɗagawa, a ajiye jakar a ga likita. Na uku, ciwon baya da ke sauka cikin ƙafa har ƙasa da gwiwa. Gajiyar tsoka ta kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ce. Gwiwa ta kumbura, ko ciwon ya kwana ya wuni yana nan, an yi yawa, a koma nauyin baya.

Gwiwa a gangare take shan wahala, ba a hawa ba, domin cinya ce ke taka birki kuma murfin gwiwa yana matsuwa. In za ka bi shawarar tudu, ka hau da ruwanka, a sama ka zubar da rabi, ka sauko da gajeren taku.

Hawan jini: ka auna kafin ka fara shirin. In ya kai 180 bisa 110 ba fita ranar, asibiti za a je. Ka gaya wa likitan da ke ba ka magani abin da kake shirin yi. Masu shan maganin hawan jini irin su atenolol bugun zuciyarsu ba ya hawa yadda ya kamata, agogon hannu zai yaudare su, gwajin magana da Koci ya faɗa shi ne abin bi. Masu shan maganin da ke sa fitsari sun fi saurin bushewa da jiri. Kada ka riƙe numfashi wajen ɗaga jakar daga ƙasa, ka ɗora ta kan tebur ko dakali ka juya baya ka sa hannu. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya fi ƙarfin aikin, a tsaya. Mai ƙaba, mai juna biyu, wanda faifan bayansa ya taɓa zamewa, da tsohon da ƙashinsa ya riga ya yi rauni, kada su fara sai an duba su. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu bayan kowace fita, don yana iya yin rauni bai ji ba.

Batun ƙarfafa ƙashi kuwa an zuzuta shi fiye da hujjar da ke ƙasa. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an wallafa shi a 2000 daga jihar Oregon ta Amurka, inda wasu mata ƙalilan da suka daina al'ada suka riƙe ƙarfin ƙashin ƙugunsu tsawon shekara 5. To amma tsalle suke yi da atisaye sanye da riga mai nauyi, ba tafiya kawai ba. Wani gwajin da ya fito a 2025 kan tsofaffi masu rage ƙiba ya nuna sanya irin rigar bai hana ƙashin ƙugu raguwa ba. Ƙashi ya fi amsa nauyi mai yawa na ɗan lokaci. Saboda haka jaka ba ta ɗauke maka kwana biyun ƙarfafa tsoka ba. Tashi da zama daga kujera sau 10 zuwa 12, hawa matakala ɗaya da sauka, ɗaga dunduniya sau 15, danna ƙasa ko bango da hannu, kowanne zagaye uku. Jakar ma za ka iya rungume ta a ƙirji ka yi su. Wannan shi zai gyara gwiwar fiye da tafiyar.

Baban Khalifa, Rikkos

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura uku. Iyayenmu mata suna ɗaukar itace da ruwa a ka shekara da shekaru, ba za a ce ɗauka a ka ya fi dacewa da mu ba? Akwai kuma riga mai nauyi da ake sayarwa a intanet, ita da jaka wacce ta fi? Sannan yaya za a yi da azumi?

Ɗan Naraguta

Yallaɓai, an binciki ɗaukar kaya a ka. A 1986 aka wallafa wani bincike kan matan Luo da Kikuyu na Kenya, aka ga suna ɗaukar har kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da ƙarfin da suke kashewa ya ƙaru a awo ba. Daga baya aka gwada da matan Xhosa a Afirka ta Kudu, yawancinsu ba a ga wannan sauƙin ba, kuma sun yi kukan ciwon wuya. Ko wanne ka ɗauka bai taimake ka ba. In sauƙin gaskiya ne, kai wahalar kake nema ba sauƙi ba. Kuma su tun suna 'yan mata wuyansu ya ginu a kai, wuyan ɗan shekara 46 mai zaman kwamfuta ba a fara masa wannan.

Rigar tana raba nauyi gaba da baya, don haka mutum ya fi miƙewa, ba ya sunkuyawa. Aibinta uku: duk nauyin a kafaɗa yake tunda ba bel ɗin ƙugu, tana matse ƙirji, tana kuma riƙe zafi. Ƙasa da kilo 8 ko 9 tana da daɗi in kuɗin bai dame ka ba, amma ka sayi wadda ake zare ƙullin nauyinta ɗaya bayan ɗaya. Sama da haka jaka mai bel ta fi. Abin da ake ɗaurawa a idon sawu kuwa ka rabu da shi, yana canza taku yana jan gwiwa.

Kocin Tudun Wada

Anti, na karɓi gyara, a bi wata ukun. Amma ina nan kan bakana cewa sauri da tudu su riga jaka. Kuma ko bayan shekara, Baban Khalifa, kada ka wuce kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kilo 14 zuwa 18 a wajenka, kuma ba a gudu da ita.

Azumi: a ajiye jaka da rana. In za a yi, awa ɗaya da rabi zuwa biyu bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, a rage nauyin rabi, minti 30, a wuri mai haske da ka sani. Bayan sallah ka koma daga kilo 5 ka sake hawa cikin mako biyu zuwa uku. Haka duk lokacin da ka yi fashin fiye da mako biyu.

Sanyin Jos yana ruɗar mutane kan ruwa. Muna wajen mita 1,200 sama da teku, kuma iskar hunturu tana busar da gumi kafin ka gan shi. Ka sha kusan rabin lita a kowace awa. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, duk kilon da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa, ba kitse ba, kuma in ya kai kilo 2 a jikinka shan ya yi kaɗan. A Maris da Afrilu ka gama kafin ƙarfe 8. In aiki ya kai ka Abuja a watannin nan ka rage nauyi da lokaci, zafin can ba irin namu ba ne.

Watan farko ka nemi fili ko layin unguwa marar ramuka, zagaye da za ka iya yankewa ka koma gida, ba doguwar hanya ɗaya ba. A bakin titi ka fuskanci motocin da ke tahowa, da riga mai haske, don mai jaka ba ya saurin kauce wa Keke. Da damina duwatsu suna santsi, kuma a yi nesa da bakin tsofaffin kududdufan kuza, gaɓarsu tana zabtarewa. Tsaunukan Shere sun haura mita 1,800, ba wurin gwada sabuwar jaka ba ne. Sai ka yi wata uku lafiya, ku je a ƙungiya da wanda ya san hanya, jakar kuma ruwan sha da abinci kawai a ciki.